DARO DA TAWUL: DARASI A KAN TAWALI'U DAGA RAYUWAR WALIYYI DAMIYAN NA MOLOKAI



A daren Alhamis Mai Tsarki na kowace shekara muna ganin Fada ya tuɓe babbar rigarsa ta Misa, ya yi ɗamara da tawul, ya durƙusa a gaban mutum 12 yana wanke musu ƙafafu. Mun saba da ganin wannan har ya daina girgiza mu. Waɗanda aka zaɓa ma, da yake an sanar da su tun da wuri, sukan goge kaushinsu da dutse tun daga gida, su zo da ƙafafu tas, domin kada su sha kunya a gaban jama'a. Ba mu ga laifinsu ba. Sai dai ya kamata mu tuna cewa ƙafafun da Ubangiji ya wanke a benen nan na Urushalima ba wanda ya shirya su. Ƙafafu ne na mutanen da suka yini suna tafiya cikin ƙura, wanke su kuwa aiki ne da akan bar wa bawa ko mafi ƙanƙanta a cikin gida.

Luka ya gaya mana cewa a wurin wannan jibin ne gardama ta tashi tsakanin manzanni a kan wane ne babba a cikinsu (Luka 22:24-27). Muna iya kwatanta yadda abin ya kasance: ga daro, ga ruwa, amma kowa ya kawar da kai, gama duk wanda ya fara miƙa hannu ga daron ya yarda ke nan cewa shi ne ƙarami. Yohanna kuwa, kafin ya ba da labarin wankin ƙafafun, ya fara jawo hankalinmu ga wani abu da mukan tsallake in muna karatu da sauri. Yesu ya tashi daga wurin cin abinci yana sane sarai da ikon da Uba ya danƙa masa, yana kuma sane da asalinsa da makomarsa (Yohanna 13:1-15). Watau bai durƙusa don ya raina kansa ba. Ya san ko shi wane ne, shi ya sa durƙuson bai ba shi tsoro ba.

A nan ne yawancinmu mukan rikita tawali'u da ladabi. Ladabi abu ne mai kyau, iyayenmu sun yi ƙoƙari da suka koya mana shi: a rusuna wa babba, a sassauta murya, kada a katse dattijo yana magana. Amma mutum yana iya rusunawa har ƙasa alhali zuciyarsa tana tsaye ƙyam. Wani kuma bakinsa ba ya rabuwa da cewa shi ba kome ba ne, amma a manta da sunansa sau ɗaya cikin jawabin godiya a ranar bikin girbi, a ga yadda zai yi wata uku bai taka majami'a ba. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, suna nufin in ka miƙe da tsawonka za ka miƙe. Karin maganar gaskiya ce, amma tana lallashinmu ne da cewa ba za mu yi hasarar kome ba. Durƙuson da Manzo Bulus ya bayyana a wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa (2:5-11) ya wuce nan. Shi wanda yake daidai da Allah ya sauko ya zama bawa, bai kuwa miƙe ba sai da saukowar ta kai shi ga gicciye. Uba ne ya ɗaga shi daga baya. Domin mu ga yadda irin wannan durƙuso yake in ya shiga jikin mutum kamarmu, mai rauni da saurin fushi, za mu duba rayuwar wani firist da Ikkilisiya take tunawa da shi ranar 10 ga Mayu.

ƊAN MANOMI DAGA BELJIYAM

An haifi Yusufu De Veuster ranar 3 ga Janairu, 1840, a ƙauyen Tremelo cikin ƙasar Beljiyam. Ɗan manomi ne, ƙaƙƙarfa, wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 13 domin ya taimaki mahaifinsa a gona. Da ya girma sai ya bi sawun wansa zuwa cikin Ƙungiyar Zukata Masu Tsarki na Yesu da Maryamu, inda ya ɗauki sunan Damiyan. Da farko shugabanninsa ba su ga alamar firist a jikinsa ba, saboda ƙarancin karatunsa da rashin sanin Latin. Wansa ne ya zauna ya koya masa. Wan nan nasa, Fada Pamfil, shi aka zaɓa ya tafi aikin bishara a tsibiran Hawayi da ke tsakiyar Tekun Fasifik, amma ciwo ya kwantar da shi dab da tafiya. Damiyan ya roƙa a tura shi a madadinsa. Ya sauka a Honolulu ranar 19 ga Maris, 1864, aka naɗa shi firist ranar 21 ga Mayu na wannan shekara, ya yi shekara 9 yana aiki a babban tsibirin ƙasar, yana yawo bisa doki, yana gina ƙananan majami'u da hannunsa.

A waɗannan shekaru cutar kuturta tana yaɗuwa cikin 'yan ƙasar, ba kuwa wanda ya san maganinta. A 1865, zamanin Sarki Kamehameha na 5, aka kafa doka cewa a ware duk wanda ya kamu. Wurin da aka zaɓa wani ɗan zirin ƙasa ne a arewacin tsibirin Molokai, ana kiransa Kalaupapa: teku ta kewaye shi ta gefe uku, a bayansa kuma ga dutse a miƙe kamar bango, tsayinsa ya haura ƙafa 1,500. Kurkuku ne da bai bukaci ƙofa ba. A watan Janairu na 1866 aka sauke rukunin farko a gefen da ake kira Kalawao, daga nan kuwa har zuwa 1969 da aka soke dokar, mutum wajen 8,000 aka kai can. An raba miji da mata, an ƙwace yara daga hannun iyaye. Gwamnati ta zaci majinyatan za su yi noma su ciyar da kansu, ta manta cewa wanda yatsunsa suka gutsure ba ya iya riƙe fartanya. Abinci bai isa ba, magani bai isa ba, masu ƙarfi suka riƙa danne raunana, waɗansu suka faɗa shan barasa don baƙin ciki. Duk da haka kada mu ɗauka babu masu tsoron Allah a cikinsu. Tun kafin wani firist ya zauna tare da su, akwai Kiristocin da suke taruwa suna addu'a, suna jiyyar juna iyakar ƙarfinsu.

A watan Mayu na 1873 Bishop Louis Maigret ya kawo maganar a gaban firistocinsa. Bai so ya tilasta wa kowa da sunan biyayya ba, gama ya san tura mutum can daidai yake da yanke masa hukuncin mutuwa. Firistoci 4 suka ba da kansu, aka shirya za su riƙa karɓar juna. Damiyan ya fara tafiya, ya sauka ranar 10 ga Mayu, yana da shekara 33, ya tarar da majinyata 600 ko fiye. Bai daɗe ba ya aika wa shugabanninsa cewa a shirye yake ya zauna ɗungum. Maganar karɓar juna ta ƙare a nan.

ABIN DA HANNUWANSA SUKA YI

Makonninsa na farko a gindin wata bishiya ya kwana, kusa da ƙaramar majami'ar Waliyyiya Filomena, domin ba shi da ɗaki. In muka bi ayyukansa na shekara 16 da suka biyo baya, abin da zai ba mu mamaki shi ne yadda yawancinsu ba su da wani kwarjini ko kaɗan. Ya wanke gyambuna ya ɗaure su. Ya zama kafinta, yana gina wa mutane ɗakuna na katako a maimakon bukkokin da ruwan sama yake ratsawa. Ya taimaka aka jawo ruwan sha da bututu daga kwari zuwa cikin gari, gama dā sai a kai ake ɗaukowa daga nesa, marasa ƙarfi kuwa sai su haƙura da ƙazanta. Ya tara marayu maza da mata, ya sama musu wurin zama. Ya faɗaɗa majami'ar, ya kafa ƙungiyar mawaƙa da ta masu bushe-bushe.

Amma aikin da ya fi bayyana zuciyarsa shi ne na matattu. Ya tarar ana naɗe gawar matalauci cikin tsumma a tura ta rami marar zurfi, har aladu su tone. Ya kewaye makabartar da shinge, ya kafa ƙungiyoyin jana'iza, ya ƙera akwatunan gawa ɗaruruwa da hannunsa, ya haƙa kaburbura. Mu lura da wannan da kyau. Mai rai in ka taimake shi yana iya gode maka, ya ba da labarinka, wata rana ma ya rama. Gawa ba ta godiya. Wanda yake so ya san ko hidimarsa don Allah ce ko don a gani ce, sai ya duba yadda yake yi da aikin da babu mai gode masa. Mutanen Kalawao kuwa da suka ga ana binne 'yan'uwansu da waƙa da addu'a, sai suka fara gaskata cewa su ma mutane ne har yanzu.

Kada wani ya ɗauka abin ya zo masa da sauƙi. Shi kansa ya rubuta cewa warin gyambuna a cikin ɗakunan yakan sa ya fita waje da sauri ya sha iska, har ya koyi shan lofe domin hayaƙin taba ya danne warin. A cikin majami'ar ya huda ramuka a daɓen katako, saboda waɗanda cutar ta taɓa musu maƙogwaro su sami wurin tofar da yawu, kada kunya ta hana su zuwa Misa. Ramukan suna nan har yau. A ganina wannan ƙaramin abu ya fi dogon wa'azi koya mana tawali'u. Wani da ya ga ana ɓata ɗakin Allah da yawu, doka zai kafa, ko ya ce masu irin wannan lalura su tsaya a waje ta taga. Damiyan ya ɗauki abin huda ya durƙusa a ƙasa.

DAGA "KU" ZUWA "MU"

Shari'ar Musa ta umarci mai kuturta ya yage tufafinsa, ya zauna shi kaɗai a bayan zango, ya riƙa shelar ƙazantarsa domin mutane su kauce (Littafin Firistoci 13:45-46). Sa'ad da wani kuturu ya zo wurin Yesu, Ubangiji yana da ikon warkar da shi da kalma daga nesa, kamar yadda ya yi wa waɗansu. Amma Markus ya kula ya rubuta mana cewa sai da ya taɓa shi (Markus 1:40-45). Wa ya san shekara nawa mutumin ya yi ba wanda ya taɓa jikinsa?

An gargaɗi Damiyan ya kiyaye jikinsa, kada ya cika cuɗanya da majinyata. Amma ya ga cewa a al'adar mutanen Hawayi, wanda ya ƙi cin abincinka ya ƙi ka. Abincinsu na yau da kullum ana yin sa da gwaza ne, a kirɓa shi ya yi laushi, a ci da yatsu daga ƙwarya guda. Ya sa hannu ya ci tare da su. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take, lofensa yana zagayawa daga baki zuwa baki. Akwai labarin da ya bazu cewa sai ranar da ya gane ya kamu da cutar ne ya hau bagade ya fara haɗa kansa da su cikin magana. Wasiƙunsa sun nuna abin ya riga haka: tun a shekararsa ta farko, yana da cikakkiyar lafiya, ya riga ya daina ce musu "ku", ya koma cewa "mu".

Wannan 'yar kalma ita ce zuciyar darasinmu. Ana iya yi wa mutum alheri daga sama, kamar yadda ake jefa wa kaji tsaba. Mai karɓa zai ci, gama yunwa ba ta san fushi ba, amma zai tashi da ƙasƙanci a zuciyarsa fiye da wanda ya zo da shi. Sau nawa muke kai wa gwauruwa mudun hatsi, amma in ta kawo mana ruwa a mazubinta sai mu ce mun ƙoshi? Sau nawa muke tsayawa a bakin ƙofar marar lafiya mu yi addu'a da ƙarfi, mu ƙi zama a kan tabarmarsa? Ta lura, shi ma ya lura. Matalauci ya fi kowa saurin gane wanda yake ƙyamarsa. Mai hidima da tawali'u yakan bar wanda yake yi wa hidima shi ma ya ba shi wani abu, ko da ruwan sha ne, domin ta haka ne mutuncin mutumin yake komo masa.

Bitrus ma sai da ya koyi wannan. Da Ubangiji ya iso gare shi da daro, ya ƙi, ƙin nasa kuwa ya yi kama da tawali'u ƙwarai. Amma Yesu ya nuna masa cewa wanda bai yarda a wanke shi ba ba shi da rabo tare da shi. Akwai girman kai da yake ɓuya cikin mutumin da kullum shi ne mai bayarwa, ba ya roƙo, ba ya karɓa, ba ya cewa ya gaji.

Damiyan bai tsira daga wannan makaranta ba. Abin da ya fi damunsa a Molokai, bisa ga wasiƙunsa, shi ne rashin wani firist kusa da zai furta masa zunubansa. A shekararsa ta farko hukumar lafiya ta hana shi fita daga wurin. Wata rana jirgin ruwa ya tsaya nesa da gaɓa da shugabansa a ciki, mai jirgin kuwa ya hana shugaban sauka, ya kuma hana Damiyan hawa. Sai Damiyan ya shiga kwalekwale ya matso gindin jirgin, ya ɗaga murya ya furta zunubansa da Faransanci, mutane suna tsaye a bisa suna kallo, ya karɓi gafara daga nesa. Mu da muke da Fada a kusa, muke kuma shekara ba mu je furta zunubi ba don kunyar mutum ɗaya a cikin ɗaki a rufe, sai mu auna kanmu da wannan.

WALIYYI MAI KAUSHIN HALI

Ba za mu yi wa jama'ar Allah adalci ba in muka nuna Damiyan kamar mala'ika. Mutum ne mai taurin kai da saurin fushi. Yakan yi gardama da ma'aikatan gwamnati a kan abinci da katako da tufafi, bai kuwa iya tausasa harshe ba. Waɗansu firistocin da aka tura su taimake shi sun kasa zama da shi lafiya, laifin kuma ba nasu kaɗai ba ne. Wannan ya kamata ya ƙarfafa mu. Da tawali'u halin mutane masu sanyin rai ne kawai, da yawancinmu ba mu da rabo a ciki. Ya kamata kuma ya gyara mana tunani: mai tawali'u ba shi ne wanda ba ya buɗe baki ba. Damiyan bai yi faɗa don kujera ko suna ba, amma a kan bargon majinyaci ya yi faɗa sosai.

Da labarinsa ya bazu, sai ɗaukaka ta zo, ita ma da nata gwaji. A 1881 Gimbiya Liliuokalani ta ziyarci wurin, abin da ta gani ya sa ta kuka, masarautar kuma ta ba shi lambar girma. Jaridun Turai da Amurka suka ɗauki sunansa, kuɗin taimako suka fara shigowa, har wani faston Angalikan a Landan ya tara masa gudummawa mai yawa. Wannan bai yi wa kowa daɗi ba. Shugabanninsa na lokacin suka zarge shi da neman suna da rashin biyayya, suka rubuta masa wasiƙu masu zafi, a daidai lokacin da jikinsa yake ruɓewa. Zargin baƙo yana da sauƙin ɗauka. Na gida shi ne mai ciwo. Ya yi ƙorafi, gama shi ba dutse ba ne, amma bai fita daga ƙarƙashin biyayya ba, bai kuwa ajiye aikin ba.

Ko mutuwa ba ta raba shi da baki ba. Bayan rasuwarsa aka buga wasiƙar wani fasto na Honolulu da ya kira shi ƙazami, marar wayewa, mai taurin kai, har ya ɗora masa laifin kamuwa da cutar. Wanda ya tashi ya kāre shi ba Katolika ba ne: shahararren marubucin nan Robert Louis Stevenson ne, wanda ya je Molokai da kansa ya yi kwanaki yana tambayar waɗanda suka san shi. A buɗaɗɗiyar wasiƙarsa ta 1890 bai musa cewa Damiyan yana da aibobi ba. Abin da ya nuna shi ne, mai aibobin ya tafi ya zauna, masu tsabtar kuwa suna gidajensu.

BA SHI KAƊAI BA NE

A watan Disamba na 1884 ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan zafi, fatar ta sale, bai ji kome ba. Ya san ma'anar wannan. Likitoci suka tabbatar da cutar a 1885. Ya ci gaba da gini da jiyya har shekara 4, yana gaggawa kamar manomin da ya ga hadari ya haɗu.

Tawali'u ya wajabta mana mu ambaci waɗansu, gama duniya takan ɗora dukan yabo a kan mutum ɗaya. Akwai 'yan ƙasar masu lafiya da suka bi mazansu ko matansu ko 'ya'yansu zuwa Kalaupapa da son ransu. A harshensu ana kiransu "kokua", watau mataimaka. Yawancinsu ba wanda ya san sunansu a yau sai Allah. Ɗaya daga cikinsu, Jonathan Napela, mutum mai muƙami ne kuma shugaba a cikin 'yan Momon. Ya bi matarsa can a 1873, ya yi abota da Damiyan duk da bambancin koyarwarsu, ya kamu da cutar, ya mutu a 1879. A 1886 wani tsohon sojan Amurka, Yusufu Dutton, ya zo don ya yi tuba a kan rayuwarsa ta baya, ya zauna fiye da shekara 40 yana kula da yara maza. A 1888 kuma Uwa Mariyan Cope ta iso tare da Sistoci 2 na ƙungiyar Waliyyi Faransis.

Uwa Mariyan tana da nata darasi a gare mu. Ta yi hidima a can shekara 30 har rasuwarta a 1918, ta kafa ƙa'ida mai tsanani ta wanke hannu da tsabta, ba ita ba kuwa, ba ko ɗaya daga cikin Sistocinta da ta kamu da cutar. Ikkilisiya ta sa ta cikin jerin waliyyai a 2012. Saboda haka kada wani ya ce Damiyan ya koya mana sakaci. Abin koyi a wurinsa shi ne kusantar da ya yi, ba rashin kular da ya yi da jikinsa ba. Mai jiyyar da ya wanke hannunsa bai rage ƙauna ba. Ya tanadi ƙarfinsa ne domin majinyacin gobe.

Ya dace mu faɗi wani abu a kan cutar kanta, tun da har yanzu ana samun masu kamuwa da ita a Nijeriya. A shekarar da Damiyan ya sauka a Molokai, 1873, wani likita a ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar da take haddasa ta. Ba la'ana ba ce, ba gadon jini ba ce, ba kuwa sakamakon zunubi ba. Ba ta saurin yaɗuwa, jikin yawancin mutane yana iya kāre kansa daga gare ta. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da suke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Wanda ya fara shan magani ba ya ƙara sa wa wani. Duk wanda ya ga tabo a fatarsa da ba ya jin taɓi a wurin, ya je asibiti da wuri kafin jijiyoyi su lalace. Wanda kuma ya warke amma cutar ta bar masa alama a hannu ko a fuska, ba shi da dalilin zama a bencin baya, mu ma ba mu da dalilin janye hannu sa'ad da aka ce mu ba juna alamar salama.

INA NAMU DARON?

Ba kowa aka kira zuwa Molokai ba, yawancinmu a garin da aka haife mu za a binne mu. Amma babu Ikkilisiyar da ba ta da ayyuka iri biyu: waɗanda ake rububi a kansu, da waɗanda in an ambata kowa yakan dubi ƙasa. In za a zaɓi shugaban kwamiti, majami'a takan cika har a yi ɓacin rai. In aka nemi wanda zai wanke bayan gida, ko ya kwana a asibiti da tsohon da ba shi da kowa, ko ya riƙa kai wa mai taɓin hankalin nan na bakin kasuwa abinci, sai a ji tsit. 'Ya'yan Zabadi ma kujerun dama da hagu suka roƙa, sauran goman kuwa da suka ji haushi ba don sun fi su tsarki ba ne, sai don an riga su tambaya (Markus 10:35-45). Ubangiji bai hana kowa son zama babba ba; hanyar ce ya juya, ya ce ta wurin bauta wa sauran take bi.

Lalle akwai masu ɗaukar daron a cikinmu, ba mu dai cika ganinsu ba ne. Akwai matan Zumunta da suke share majami'a kowace Asabar shekara da shekaru, da katekis na ƙauye da yake taka keke cikin laka don ya yi jana'izar wanda bai taɓa ba shi ko sisi ba, da surukar da take juya tsohuwa a kan gado tana wanke ta alhali tsohuwar ba ta taɓa yi mata kalma mai daɗi ba. Ga irin waɗannan muna cewa: in gajiya ta zo, ku faɗa, ku bar waɗansu su wanke muku ƙafa. Ga sauranmu kuwa, musamman masu riƙe da muƙami a Ikkilisiya da a gida, har da mu masu wa'azi, tambayar ita ce yaushe rabonmu da yin wani aiki da ba wanda zai ji labarinsa. Maigidan da bai taɓa ɗaukar wa matarsa tulu ba ranar da take zazzaɓi, don kada maƙwabta su gani, ya san inda nasa daron yake.

Damiyan ya rasu ranar Litinin ta Mako Mai Tsarki, 15 ga Afrilu, 1889, yana da shekara 49. Aka binne shi bisa ga roƙonsa a gindin bishiyar nan da ya fara kwana. A 1936 gwamnatin Beljiyam ta nemi gawarsa, aka tone aka kai ta birnin Leuven, mutanen Kalaupapa suna kuka, gama ba da son ransu aka ɗauke shi ba. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ɗaga shi zuwa matsayin Mai Albarka ranar 4 ga Yuni, 1995, Paparoma Benedikt na 16 kuma ya sa shi cikin jerin waliyyai ranar 11 ga Oktoba, 2009. A shekarar 1995 ɗin ne aka mayar wa mutanen Molokai da ƙasusuwan hannunsa na dama, suka sake binne su a tsohon kabarinsa da ke gefen majami'ar Waliyyiya Filomena a Kalawao.